Firist ɗin da Inna ta Tibiri ta Roƙa

Akwai wata ranar Alhamis ta cikin bazara da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har ƙasa ta rufe mini ido. Shekaru sun ja tun daga lokacin, amma da zarar na zauna shiru sai in ga kaina a bakin gonakin Jiratawa, rana tana dukana, ina neman mutumin da ban san abin da zan ce masa ba.

Ni Kirista ce, ƴar Katolika, haifaffiyar Maraɗi. Ɗinki ne sana'ata. Maigidana ya daɗe da rasuwa, ƴaƴana kuma aiki ya kai su Yamai. Wanda ya san garinmu ya san ba mu da yawa. Maƙwabtana a Sabon Gari duk Musulmi ne, kuma zamanmu lafiya lau, da salla su aiko mini da nama, da Kirsimeti in aika musu da shinkafa. Amma akwai irin kaɗaicin da zaman lafiya ba ya maganinsa, wato ka dawo daga coci da magana a bakinka, ka rasa wanda za ka gaya wa ya gane ba sai ka yi dogon bayani ba.

Wadda nake gaya wa irin wannan magana wata tsohuwa ce a Tibiri, Bagobira, da kowa a cocinmu yake kira Inna. Tun tana budurwa ta yi aiki da sistocin coci a wani ƙaramin asibiti, a can ta karɓi baftisma. Ita kaɗai ce Kirista a gidansu. Ba ta taɓa haihuwa ba, ɗan yayanta ne yake riƙe da ita. Ita ce ta tara mu muka kafa ƙungiyar addu'a, muna roƙon Allah ya kira samari daga cikinmu zuwa aikin firist. Kowace Alhamis da la'asar mukan haɗu a coci mu ja carbi. Wani lokaci mu bi gidaje, mu zauna da iyaye da samari, mu yi musu maganar wannan aiki. Yawanci a ba mu ruwa, a saurare mu da ladabi, sannan uwar gida ta tambaye mu wa zai haifa mata jikoki.

Firistocinmu duk daga nesa suke zuwa. Mutanen kirki ne, suna wahala su koyi Hausa, amma da harshensu ya fara miƙewa sai a ɗauke su a kai wani wuri. Inna takan ce ita burinta ɗaya ne, kafin ta mutu ta furta zunubanta ga firist ɗin da ya sha Hausa a nono, wanda ba sai ta maimaita masa magana ba. Mukan yi dariya, amma da gaske take.

Da farko muna cika benci biyu. Sannu a hankali muka ragu. Wasu ma'aikata ne aka canza musu wurin aiki, wasu suka koma ƙasashensu, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ya riƙe sauranmu shi ne wani saurayi, ɗan wani manomi a Jiratawa, wanda ya zo da ƙafarsa ya ce yana jin kira. Aka tura shi seminer, makarantar koyon aikin firist, a wata ƙasa maƙwabciya. Daga ranar addu'armu ta sami fuska. Sunansa ne farko, sunansa ne ƙarshe. In ya zo hutu, kowa na so ya ci abinci a gidansa. Farar rigar coci da ya fara sawa ni na ɗinka ta.

Ya yi shekaru yana karatu, har an fara maganar ya kusa gamawa. Sai kawai labari ya zo cewa ya dawo gida da kayansa, kuma ba zai koma ba. A lokacin mu uku muka rage, ni da Inna da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai ritaya, Inna kuwa ta riga ta kwanta ciwo. Malamin ya same ni a ƙofar coci, ya ce shi dai ya gaji, shekarun da ya zuba sun ishe shi. Ya roƙe ni kada in gaya wa tsohuwa, don labarin zai ƙarasa ta. Daga nan ban ƙara ganinsa ranar Alhamis ba.

Haka na ci gaba da zuwa ni kaɗai. Wanda bai taɓa jan carbi shi kaɗai a babban ɗaki ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Addu'ar nan rabi biyu ce, wani ya fara, sauran su amsa. Sai in fara, in yi shiru ina jira, sannan in tuna ni ce zan amsa wa kaina. A waje ina jin ƙarar baburan kabu-kabu da kiran salla, gari na ta harkarsa. Saurayin bai ƙara takowa Maraɗi Misa, wato ibadarmu ta coci, ba, ni ma ban neme shi ba. Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, ɗan yayan Inna ya kira ni a waya. Ya ce jikinta ya yi tsanani, tun safe take cewa a kira mata fada, wato firist. Na ajiye ɗinki na nufi misiyo, gidan firistocinmu. A can na tarar babu kowa sai mai gadi. Firist ɗaya ya tafi ƙasarsu neman magani, ɗayan kuma yana can wani gari mai nisa inda ya je binne wani. Na same shi a waya, ya ce zai kamo hanya da zarar an gama, amma da wuya ya iso kafin gobe. Na tsaya a tsakar gidan nan, na tuna rashin da muka yi shekaru muna roƙo a kansa ke nan, ga shi yau ya faɗo a kan wadda ta fi kowa roƙo.

Na hau kabu-kabu zuwa Tibiri. Na same ta a ɗakinta, ta rame har ta koma kamar yarinya, matan gidan suna mata fifita. Na durƙusa na gaya mata fada ba ya gari. Ta rufe ido. Can sai ta ce, “To, je ki Jiratawa ki zo mini da yaron nan.”

Na fara kame-kame, sai ta ɗaga hannu ta tsai da ni. Ashe ta daɗe da sani. Wata mai tallar zogale daga Jiratawa ce ta ba matan gidan labari, tana kwance tana ji. Duk zuwan da nake yi ina ɓoye mata, ita ma tana ɓoye mini, kowa na tausayin ɗan'uwansa.

Rana ta take lokacin da na ratsa Maraɗi na kama hanyar Jiratawa. Zafin ranar nan har ƙarfen babur ba ya taɓuwa. A gidansu aka ce yana gona, aka nuna mini hanya. Na bi gefen magudanar ruwa, tsakanin gonakin zogale da na barkono, har na hango shi sunkuye yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, laka har gwiwa. Rabona da shi yana cikin farar riga. Da ya ɗago ya gan ni, sai ya tsaya kamar wanda aka kama, ya sunkuyar da kai ya gaishe ni.

Duk maganganun da na tara a raina suka watse. Na gaya masa Inna tana bakin mutuwa, babu firist a gari, kuma shi take nema. Ya ce ba zai iya ba. Ya ce abin da take bukata ba ya hannunsa, ba zai iya gafarta zunubi ba, ba zai iya shafa mata mai mai tsarki ba, da wace fuska zai shiga ɗakinta. Ban tambaye shi dalilin dawowarsa ba, shi ne ya zauna a kan kunyar gona ya fara faɗa. Ba korarsa aka yi ba, kuma ba wata mace ba ce, ko da yake ya san abin da ake faɗa ke nan. Ya ce ya daɗe da gane cewa aikin nan ba nasa ba ne, amma ya kasa dawowa saboda mu.

“Mama, duk lokacin da na durƙusa in saurari Allah, muryoyinku nake ji,” in ji shi. “Na ji tsoron in zama firist don kunyarku.”

Na dube shi, na ga duk watannin nan da nake zaune ni kaɗai a coci, shi ma yana nan shi kaɗai a cikin ruwa da laka, babu wanda ya zo ya tambaye shi yaya yake. Na ce masa ni dai aiko ni aka yi, kuma Inna ta san komai, ba firist ta ce in kawo daga Jiratawa ba, shi ta ce. Ya wanke ƙafafunsa a magudana, ya je ya ɗauko babur ɗin mahaifinsa. Ya goya ni muka nufi Tibiri.

Matan gidan suka matsa suka ba mu wuri. Shi kuwa ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Inna ta ce ya matso, idonta ba ya kai can. Ya ja gwiwa har bakin gado, ya fara neman gafara. Ta ɗora hannu a kansa.

“Ni firist na roƙi Allah, ban ce masa dole sai kai ba,” ta ce. “In mu muka ɗora maka kayan da ba naka ba, kai za ka yafe mana.”

Ya kifa kansa a gefen gadon yana kuka. Ta bar shi har ya yi shiru, sannan ta ce ya yi mata addu'a da Hausa. Ya tuna mata cewa ba shi da ikon ba ta abin da fada zai ba ta. Ta ce ta sani, Allah kuma ya ga ta nema. Sai ya fara. Ya bi da ita addu'ar tuba a hankali, tana bin sa da leɓe. Ya yi addu'o'in da ake yi wa mai barin duniya, da Hausar nan tamu ta gida, ba tuntuɓe. Muka ja carbi, shi yana farawa ni ina amsawa, ita ma tana amsawa har muryarta ta daina fita. Ɗan yayanta yana tsaye a bakin ƙofa, ya tsawata wa yara su yi shiru. Da la'asar ta yi sanyi, Inna ta cika, hannunta a cikin nasa.

Fada ya iso washegari da safe, idanunsa jajur don gajiya. Da ya ji ta riga ta tafi, sai ya zube a kan tabarma. Shi ya yi mata Misa. Danginta suka ɗauko ta da kansu har makabartarmu, suka tsaya daga gefe har aka gama, sannan ɗan yayanta ya zo ya yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya. Malamin lakwal ma ya zo. Ya ga saurayin, ya yi kamar zai wuce, sai kuma ya dawo ya ba shi hannu.

Saurayin bai koma seminer ba. Ya yi aure, yana nomansa, kuma ran Lahadin da babu firist shi yake tara ƴan Kiristocin wajensu su yi addu'a. Cikin yaran da ƙungiyarmu ta yi wa addu'a, har yau babu wanda ya kai ga zama firist. Ban daina roƙo ba, don na ga da idona yadda ake mutuwa ana jiran firist. Wani lokaci wasu mata biyu sukan zo su taya ni, wani lokaci ni kaɗai.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, roƙon Allah daban, ɗaure mutum da addu'a daban. Mu muna iya roƙo, amma kira ba namu ba ne, ba mu ne za mu zaɓa wa Allah wanda zai ɗauka ba. Yanzu in wani yaro ya zo ya ce mini yana jin kira, nakan yi murna, in yi masa addu'a, sannan in dube shi in gaya masa tun da wuri cewa ko ya zama firist ko ya dawo, ƙofata a buɗe take, kuma zan tambaye shi yaya yake kafin in tambaye shi dalili.