Ranar da Na Hau Benen Juya Layi

Benen yana nan har yau, in ka bi ta bayan unguwa ka nufi layin dogo. Kwanon rufinsa ya yaye, wani mutum yana jibge buhunan gawayi a ƙasa. Jikokina suna ce masa kango. Kango! Da ma sun gan shi zamanin Faransa, lokacin da duk jirgin ƙasan da zai shiga Duwala ko ya fita sai ya jira izinin wanda ke sama.

Wanda ke saman nan kuwa yayana ne. Ni sau ɗaya na taɓa hawa, amma kafin nan na sha jin labarin cikinsa har na gaji. Hannayen ƙarfe ne a jere, kowanne ya kai ƙirjin mutum. In ya ja ɗaya, layi ya juya can ƙasa, sauran sai su kulle kansu, ba mai motsa su sai jirgin ya wuce. Shi ma a kulle yake. In ya hau da safe, ba ya sauka sai mai canjinsa ya zo, ko sallah a tsakanin ƙarafan yake yi. Shef ɗinsu, wato shugabansu, wani Bature da ke zuwa daga unguwar Bonanjo, ya gaya musu duk wanda ya bar benen jirgi na tafe, kurkuku ce makomarsa.

Gidanmu a unguwar New Bell yana kallon tagar benen, tsakaninmu layuka da kwata da taɓo. Saboda haka da igiyar shanya muke magana da Yaya. Tabarma a kan igiya, an yi baƙi. Baƙin zane, Inna ce ba lafiya. Ja kuwa haram ne a gidanmu, don ja a wurin masu jirgi tsayawa ce. Na taɓa shanya jan ɗankwali, ranar na sha faɗan da har yau kunnena bai manta ba.

Matar Yaya ta haihu sau biyu kafin shekarar da na hau benen, duka biyun yana sama. Duka biyun sai ya dawo ya tarar an naɗe su a likkafani. Bai taɓa ganin ɗansa da ido buɗe ba. Ba ya maganar, amma da cikin na uku ya tsufa sai ya kasa zama, ya shiga ya fita, ya gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Ya ce da mu: "In ta sauka lafiya, ku sa mini farin zane."

Ta sauka da hantsi, ana ruwan Duwala irin wanda ba ya ɗaukewa. Mace ce. Tana yin kukan farko Inna ta fita cikin ruwa da murnarta ta shanya farin zane. Ina tsaye na ga Yaya ya leƙo ta taga yana kaɗa hularsa kamar yaro.

Ba a jima ba ungozoma ta kira ni gefe. Ta ce numfashin yarinyar bai yi mata ba, leɓenta ya fara shuɗi. Na fito da gudu na fizge farin zanen, amma me zan sa? Ba mu taɓa shirya alamar wannan ba. Shi kuwa ya riga ya gani, hankalinsa ya kwanta, sai yamma zai taho da dabinon da zai tauna mata.

Inna ta ce a kira liman ya yi mata huɗuba. Matar Yaya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta riƙe mini hannu ta ce: "Ubanta zai yi. Ki kai masa ita."

"Ke, kina da hankali kuwa?" in ji Inna. "Jaririyar da ko cibi bai bushe ba, a cikin ruwan nan?"

Wallahi ban tsaya jin ƙarshen gardamar ba. Na naɗe ta, na sa ta cikin mayafina, na kifa faranti a kaina, na fita. Ƙafata tana nutsewa a taɓo, takalmi ɗaya ya tafi, ban waiwaya ba. Mai gadin mashiga ya tare ni da "Madam, madam, attansiyon!" Na ce da shi ya kauce mini ko in bi ta kansa. Na tsallake layukan ina jin ƙarfe na rawa a ƙarƙashin ƙafata, don jirgin shanu na tafe. Kowane taki sai na taɓa ƙirjinta in ji ko tana nan. Tsoro nake ji, tsoron da ban sake jin irinsa ba.

Da na kai saman matakala Yaya ya juyo zai yi faɗa, sai ya ga abin da ke hannuna. Ƙararrawar zuwan jirgi tana bugawa. Hannunsa ɗaya na kan ƙarfe, ba damar saki.

"Matso da ita," ya ce.

Na ɗaga ta zuwa bakinsa. Ya yi kiran sallah a kunnen dama, ya tsaya ya ja ƙarfen da dukan ƙarfinsa, ya dawo ya yi iƙama a na hagu. Daidai nan jirgin ya shigo ƙarƙashinmu, benen duka yana girgiza, shanu na kuka. Ko ƙarar ce ta tashe ta, oho, sai ta buɗe ido ta dube shi. Ya sunkuya ya raɗa mata suna. Na ga bakinsa na motsi, ban ji komai ba.

Na mayar da ita wurin uwarta. Ta cika kafin la'asar. Da yamma ya dawo, dabinon na aljihunsa, ya zauna cikin masu gaisuwa. Duk wanda ya ce masa sai haƙuri, sai ya ce: "Na gan ta. Idonta irin na Inna ne."

Bayan Turawa sun tafi aka canja tsarin layukan, aka kwance ƙarafan, aka rufe benen. Yaya ya koma sayar da goro, ya haifi wasu, suka rayu. Ni ce dai har yau in na ji jirgi ba na iya zama, sai na miƙe na leƙa waje ban san me nake nema ba.

Sunan nan ya dame ni shekara da shekaru. Ni na ɗauke ta, ni na tsallaka da ita, a ce ban san sunanta ba? Da ya kwanta ciwon ajali na zauna a bakin gadonsa na ce: "Yaya, don Allah, wane suna ka sa mata?"

Ya dube ni ya ce: "Ai ta ji."