Lambar da Yaya Hajara ta hana ni

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, wadda ta riƙe ƙaramin asibitin ƙauyenmu, arewa da Minjibir, har Allah Ya karɓi abinSa. Ni nake bi mata, kuma duk da furfurata ba ta taɓa fasa kirana Audu sarkin gaggawa ba. Ban ga laifinta ba. Ni mutum ne da in na ji magana da safe, kafin azahar na yanke hukunci.

Ita kuwa kome ka kawo mata sai ta ce, "Ina shaida?" Ko maganin da za a nemo daga Kano ne, sai ta duba katunan marasa lafiya ta ga cutar da ta fi damun mutane a damina da wadda ta fi yawa da kaka. A wurinta gani ya kori ji.

Shekarar da aka kawo wa asibitin kwamfuta, ma'aikatan suka rubuta lambar sirrin buɗe ta a takarda, suka liƙa a bango. Ba sakaci suka ɗauke shi ba, zumunci ne. A garin da gonar wannan ke jikin ta wancan, ɓoye wa abokin aiki lamba tamkar ce masa ɓarawo ne. In kuma dattijo ya leƙo ya ce a duba masa abu, wa zai iya haɗa ido da shi ya ce a'a?

Ana haka sai tari ya kama 'yan makarantarmu. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari, wai an gani a kwamfuta Inna Lami, mai ƙosai a bakin makaranta, tana da tarin fuka. Mijinta ya rasu, da kaskon nan take ci da marayunta. Aka ƙaurace mata, ta riƙa komawa gida da ƙullunta.

Ni ne shugaban kwamitin asibiti a lokacin, kuma ina koyarwa a makarantar. Na tafi a fusace, na tarar Yaya ta yage takardar bangon, ta sa an ba kowane ma'aikaci tasa lambar, don duk wanda ya buɗe katin wani a san shi ne. Na ce ta buɗe mini na Lami in gani, ruwa ba ya tsami banza.

"Audu," ta ce, "ko Baba ne ya dawo duniya ba zan buɗe masa ba. In katinka ne, ka yarda Lami ta karanta?"

Na ji zafin maganar nan ƙwarai, kwana uku ban gaishe ta ba. Ita ko a jikinta. Ta zauna ta bi katunan yaran ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki majinar waɗanda tarinsu ya daɗe ta aika gwaji birni. Da sakamako ya dawo ta kira kwamiti, ba tare da ta ambaci sunan kowa ba. Babu yaro ko ɗaya mai tarin fuka. Yawancinsu daga unguwar da ake sussukar gero suke, ƙaiƙayi ne ya shaƙe su. Na ce to, ita Lami fa? Ta ce wannan tsakanin Lami ne da asibiti, kuma da akwai haɗari ga yara da ita Yaya ce farkon ɗaukar mataki.

Washegari ta je bakin makaranta da farin kayanta na aiki, ta sayi ƙosai, ta tsaya a tsaye ta ci a gaban kowa. Haka ta yi ta yi kullum har aka dawo ana yi wa Lami layi. Ni ma da kunya ta sake ni na bi sahu.

Yau nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda ake ɗaukar hoton katin mara lafiya a waya, a tura wa wani don neman shawara, daga can ya wuce inda ba a nufa ba. Na san ba za ta ƙi na'ura ba, ita ce ma ta fi kowa murnar zuwan kwamfutar. Tambaya za ta yi: wa ya gani, wa ya ba shi izini? Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ina kewarta, har faɗan nata.

Ba ta bar gida ko gona ba. Ta bar asibitin da mata ke shiga su faɗi abin da ba sa iya faɗa wa mazajensu, ta bar Lami da kaskonta har 'ya'yan suka girma.

Kwanan baya na tsaya sayen ƙosai, Inna Lami ta dube ni ta ce, "Malam, marigayiya ta taɓa gaya maka abin da ke katina?" Na ce wallahi ba ta taɓa ba. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce to zauna, yau ita za ta gaya mini da bakinta.

Na ce, "Bar shi, Inna. Zuba mini ƙosai kawai."

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya.