Dattijo mai sifana a aljihu

A tasha, bututun birkin motarmu na yoyo, notin da ke riƙe da shi kuma tsatsa ta kama, ya ƙi motsi. Direba na ta murɗa shi da filaya yana gumi, mu fasinjoji muna tsaki.

Wani dattijo a cikinmu, mai farar riga ƙal, yana kallo yana cije leɓe. Yatsunsa kaurara ne, duk tabo. Ina jin ya daɗe a ƙarƙashin motoci kafin 'ya'yansa su ce ya huta.

"Ɗana, ajiye filayar nan," in ji shi. "In ka mulmule kan notin, nan za mu yini."

Ya tattare riga ya tsuguna, ya zaro sifana naɗe a hankici, bakinta kamar zoben da aka tsaga. Bututun ya shige ta tsagar, sifanar ta rungume notin kam. Ya sa aka ɗiga kalanzir, ya ɗan ƙwanƙwasa, sannan ya murɗa wajen ɗaurewa.

"Baba, ai ƙara ɗaurewa kake yi!" in ji direba.

"Tashinsa nake yi daga barci."

Sai muka ji ƙas! Ya juyo da hannu, noti ya biyo shi salin-alin. Muka ɗau tafi. Shi ko kallonmu bai yi ba, rigarsa yake dubawa. Ko ɗigon mai babu.