Hashimu Mai Hoto, Wanda Ba Ya Ɓatar da Fuska

Da hantsi ake ganinsa yana buɗe shagonsa kusa da tashar Gaya, ya goge idon aparai ɗinsa, wato na'urar ɗaukar hoto, da ƙyalle, sannan ya leƙo ya duba sama. Hashimu ba ya ɗaukar hoto sai ya gaisa da rana.

Mu mutanen nan baƙaƙe ne, kuma ba mu da kayan ado kamar farar shadda. Na'ura kuwa, in aka bar ta a otomatik, ɗaya take zaɓa: ko riga ta fito fuska ta zama gindin tukunya, ko fuska ta fito riga ta koma fanko. Hashimu bai taɓa yarda da wannan zaɓin ba.

Ina wurin ranar da Baba Rabo, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa Kwatano, ya zo da matarsa Ajuma. Farar hula ce a kansa, ɗinkin farin zare, aikin hannunta. Idonta ya raunana, ta ce daga wannan ta ajiye allura. Ƴaƴansu na Yamai suna son hoton.

"Malam Hashimu, a waya an gwada," in ji ta. "In tsohon ya fito, hulata ta ɓace. In ɗaya za a zaɓa, a zaɓi hular."

Muka yi ta dariya, amma Hashimu bai zaɓa ba. Ya janye su gindin mangwaro, ya rage hasken da ke shiga na'urar har zaren ya bayyana. Fuska ta yi duhu. Sai ya miƙa mini farin zane, ya ce in karkata shi ya mayar da haske kan tsohon. Ya ɗauka, ya duba, ya gyara, ya sake, har hannuna ya gaji.

Ya wanke hoton babba. Ajuma ta kai shi dab da idonta, ta bi ɗinkin da yatsa.

"Ga shi nan, zare-zare," ta ce. "Shi ma Alhaji ba laifi."

Kai ne, Hashimu, ka nuna mana yadda muke. Bana ka ce bayanka ya gaji, za ka huta. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu tasowa, ku koyi haƙurinsa: kada ku danna sai kun ga mutum da kayansa duka.