Faifan Watan Azumi

Cikin abubuwan da suka same ni a rayuwa, akwai ɗaya da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ne, ina magatakarda a wani kamfanin sayen auduga a Kaura Namoda. Lokacin wayar salula ba ta iso mana ba. Muna da na'urar raba layukan tarho a wani ɗan ɗaki kusa da masallaci, mai kula da ita kuwa wani dattijo ne da muke kira Baban Waya. Shekara tara muna cin tuwo akushi ɗaya da shi.

Da damina tsawa ta faɗa wa na'urar, ta manta duk tsarin da aka yi mata. Aka ɗauko injiniya daga Gusau ya gyara, a ranar Baba yana Sakajiki wurin ta'aziyya. Muka ɗauka magana ta ƙare.

Da kaka ta yi, sau biyu wasu masu saye suna riga mu zuwa Kasuwar Daji su kwashe audugar da muka shirya ɗauka. Sabon manajanmu ya fara kallon kowa da wutsiyar ido. Ana haka sai wakilinmu na Shinkafi ya ce masa, duk sanda ya buga layin manaja bayan azahar, Baba ke ɗauka. Manaja ya tara mu.

"Baba, wa ya juya layina zuwa ɗakinka?"

"Ranka shi daɗe, na ɗauka kai ka sa. Kuma duk saƙon da ya zo ina kawo maka."

"Wanda ka ga dama kake kawowa. Sauran fa, wa kake kai wa?"

Baba ya rantse. Manaja ya karɓe makullinsa, ya ce kora ce in bincike ya tabbata. Ni kuwa, Allah Ya gafarta mini, na yarda da zargin. Na tuna yana da suruki dillalin auduga a Zurmi, na tuna sabuwar rigarsa, na haɗa wannan da wancan har suka zama hujja a zuciyata. Ranar nan da aka kawo tuwo na ce na ƙoshi. Ya dube ni kawai, ya wanke hannunsa.

Aka sake kiran injiniyan, aka ce in tsaya shaida. Ya buɗe kabad ya fito da gwangwanin alawa cike da faya-fayan kwamfuta. Ya ce duk lokacin da aka canza wa na'urar tsari, akan kwafe shi a faifai a ajiye, in muka bi su ɗaya bayan ɗaya za mu ga inda aka fara juya layin. Kowane faifai da rubutun ajami a jikinsa, hannun Baba.

"Malam, ni fa wannan rubutu ya fi ƙarfina," in ji shi. "Karanta mini."

Na karanta, yana sa su cikin kwamfuta. "Kakar auduga." Layin manaja na ofishin manaja. "Bayan ƙaramar Sallah." Haka nan. "Zuwan sabon akawu." Haka nan. Sai na huɗu, "Watan azumi." Injiniya ya buga tebur ya ce ga shi, bayan azahar layin na komawa ɗakin Baba. Har na ji daɗi, kamar mai farauta. Muka ci gaba, sai ga wani "Watan azumi" na shekarar da ta gabace ta, shi ma haka. Na bayan kowace Sallah kuwa, layin ya koma wurinsa.

Na tuna tsohon manaja, wanda da azumi yakan tafi tafsiri da azahar ya sa a juya layinsa ɗakin Baba don karɓar saƙonni. Na juya faifan nan na huɗu, na ga alamar jan biro.

"Wa ya yi wannan?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ni ne. Shi na tarar a sama ranar tsawa, shi na zuba wa na'urar. Ina na san azumi ne?"

Wata uku ke nan na'urarmu tana azumi ita kaɗai.

Manaja ya mayar wa Baba makullinsa a gaban jama'a. Ni kuma na same shi a inuwar masallaci yana jan carbi, na durƙusa na ce ya yafe mini.

"Na yafe, malam," ya ce. "Manaja baƙo ne, bai san ni ba. Amma kai, sai da ƙarfe ya yi mini shaida?"

Wanda ya kai labarin audugarmu ba a taɓa gano shi ba, watakila ma babu shi. Abin da na koya shi ne zato yakan zo da hujjojinsa a shirye, kuma duk su yi kama da gaskiya. Tun daga ranar, in aka kawo mini sukar mutumin da na sani, nakan fara auna ta da abin da idona ya gani a kansa, kafin in ba ta kunne.