Turmin Tsohuwa

Tun ina yaro a Sabon Birni na san akwai abin da ake jifan gidanmu da shi. Idan faɗa ya haɗa innata da wata mace a bakin rijiya, magana ba ta nisa sai a ce mata, "Ba laihinki ba na, jikar mai daka." Sai Inna ta ɗauki tulunta, ko bai cika ba, ta koma gida. Ni kuwa zuciya gare ni tun fil azal, na sha fasa bakin yara a kan wannan magana tun ban san ma'anarta ba.

Mai dakan ita ce kakar innata, wadda muke kira Tsohuwa. Na riske ta da rai ina ƙarami. Doguwa ce siririya, tafin hannunta kamar ɓawon icce. Ko wasan nan na kaka da jika ban taɓa ji daga bakinta ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da tasbaha, in an kawo tuwo ta ci rabi ta rufe rabi. Tsoronta nake ji, gaskiya, kuma ban yi kuka ba ranar da ta rasu.

Da na girma na ji zargin. A babbar yunwar da aka yi Turawa ba su daɗe da zuwa ba, tana aure a Kurawa. Mijinta ya yi kudu neman hatsi, bai dawo ba. Gari ya yi tsit, mutane na jiƙa anza, 'ya'yan wani icen daji masu ɗaci, suna cin ganye, amma kullum da la'asar sai a ji daka daga gidanta. Aka ce ta binne hatsi a ɗaki tana ci da 'ya'yanta, maƙwabta na binne yara, ba ta miƙa wa kowa ko tsaba ba. Da 'ya'yanta maza biyu suka mutu, aka ce hakkin maƙwabta ne ya kama ta. 'Ya mace ɗaya ta tsira, ita ce ta haifi Inna. Tsohuwa ba ta taɓa musa zancen ba har ta koma ga Allah.

Ina koyarwa a wata firamare a Isa aka sake yin fari. Ruwa ya ɗauke gero na da ciki, gonaki suka ƙone a tsaye. Makiyaya na kawo shanu kasuwa ana ƙirga haƙarƙarinsu, ba mai taya. Ajina ya koma rabi. Baba ya riga ya rasu, Inna na riƙe da jikokinta biyu, don haka duk zuwan da na yi gida sai na tambaye ta hatsi. Amsarta ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, rumbu da saura nai. Ka ji da kanka." Tun daga zaure kuma nakan ji ana daka, sai hankalina ya kwanta.

A wannan shekarar tsofaffi suka tayar da hirar tsohuwar yunwa, da ita kuma zancen mai daka ya dawo sabo. Na gaji. Na ce sai na san ko jinin marowaciya ne a jikina, in kuwa haka ne in daina faɗa da mutane a kan gaskiya.

Na hau keke zuwa Kurawa. Gidan Tsohuwa ya zama kango, sai tumfafiya. Dattawan da na samu a gindin bishiyar bedi suka maimaita mini abin da na sani, har da ƙari. Wani ya ce rumbu ne guda a ƙarƙashin gadonta, kamar da shi aka haƙa. Da na matsa, sai ya fito fili cewa duk ji suka yi. Ɗaya dai ya ce 'yar maƙwabciyarta tana nan da rai, aure ya kai ta Bafarawa.

Ranar kasuwa na same ta. Ta tsufa ƙwarai, idanu sun tafi, tana zaune a kan tabarma a inuwar danga. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne.

"Kai na jikan ɗiyarta? To zamna, ɗana. Na daɗe ina jiran wani shi tambaye ni."

Ta ce a lokacin ba ta isa ɗaukar tulu ba. Wata la'asar yunwa ta kai ta jikin dangar Tsohuwa, ko za ta samu dusa. Ta leƙa ta wata kafa. Yaran uku na zaune sun kewaye turmi, idanunsu a kan taɓarya. Da Tsohuwa ta juya, sai ita mai leƙen ta hango abin da ke cikin turmin.

"Tsumma na, ɗana. Tsohon zane ta naɗe tas sa, da ɗan ƙaiƙai bisa, don kar turmin shi yi ƙara irin na wohi. Shi taka daka. In ɗiyan sun ji daka sai su zamna jiran tuwo, ba su hita su bi masu barin gari, ba su cin ɗanyar anza ta kashe su. Tana daka har su gaji su yi kwana, kahin nan abin da taj jiƙa ya sha ruwa."

Na ce to me ya hana ta faɗa wa mutane?

"Ta hwaɗi mi? Ta ce mijinta ya tahi bai bar mata komi ba? Tonon asiri na. Mace irinta ba ta yi."

Na zaci nan labarin ya ƙare, har na fara jin sanyi a raina. Ashe da saura. Ta ce da abu ya yi tsanani, mai gari ya buɗe rumbunsa na ƙarshe. Hatsin bai isa kowa ba, sai aka yanke cewa duk gidan da ake jin daka, a tsallake shi. Aka tsallake gidan Tsohuwa. Bayan rabon nan ne yaran maza suka mutu, ɗaya bayan ɗaya.

"Ke da kika gani fa, Baba?" Muryata ta tashi, ban iya riƙe ta ba.

"Na hwaɗa ma innata ranar da anka yi rabo. Tam mare ni. Tac ce in na ƙara hwaɗi sai ta yanke min halshe, don in an ƙara gida guda, namu rabon shina raguwa. Mu ma mun binne biyu, ɗana."

Ban san wanda zan ji haushi ba. Na ji haushin garin, na ji haushin matar da ta mari 'yarta, na ji haushin makauniyar da ke gabana. Na ji haushin Tsohuwa ma, wadda ta ji ana rabo a bayan danga ta ci gaba da daka. Sai kuma na tuna rabin tuwon da take rufewa, tausayinta ya kama ni irin wanda ban ji ba tana raye.

Da zan tashi na tambaye ta yadda aka yi manya ba su gane ba.

"Wanda yas saurara shina ganewa. Hatsi in ana daka shi, ƙara tana sakewa, ta hwara da kaushi ta koma laushi. Tsumma ba shi sakewa. Ba su so su saurara ba na."

Ban koma Isa ba. Na kama hanyar Sabon Birni ina ɗokin in gaya wa Inna cewa daga yau ta ɗaga kanta a bakin rijiya. Na wuce mushen jaki a hanya, da mutane ɗauke da kaya sun nufi kudu. La'asar sakaliya na jingina keke a zaure.

Ana daka a cikin gida. Na buɗe baki zan yi sallama, sai na fasa. Na tsaya ina sauraro. Na jira ƙarar ta canza, na ƙara jira. Tim, tim, tim, yadda ta fara haka take.

Na yi sallama na shiga. Jikokin nan biyu na zaune kusa da turmi, ba su ko waiwayo ba. Murhu babu wuta. Inna ta dube ni, ta jingina taɓarya, ta jawo faifai ta rufe bakin turmin.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Ka iske mu muna aiki."