Malam Ilu da ginshiƙan Ƙurɗuba

Malam Ilu mutumin Kazaure ne, dogo siriri kamar an ja shi da igiya. Shekara ashirin da shida ya yi cikin wani ɗan akurkin gilashi a ƙofar wurin ajiye motoci na wani asibiti a garin Largo na Amurka, yana miƙa tikiti yana ɗaga wa motoci ƙarfe su wuce. A gida malamin tarihi ne a sakandare. Cacar biza ce ta kawo shi, shi da matarsa Lami da 'yarsu Haula tana goye. Amurka kuwa ba ta tambaye shi abin da ya sani ba, ta dai nuna masa kujera.

Mazanmu na nan kowanne da cutarsa. Wani ƙwallo, wani siyasar gida, yana kishingiɗe a Upper Marlboro yana sauke gwamnoni yana naɗa wasu. Cutar Malam Ilu sunanta Ƙurɗuba, tsohon birnin nan na kudancin Sifaniya da Musulmi suka mulka ɗaruruwan shekaru. Ka gaishe shi da safe, kafin azahar ya ratsa da kai tsohuwar gadar Rumawa, ya shigar da kai farfajiyar itatuwan lemo, ya tsayar da kai cikin babban masallacin mai ginshiƙai sama da ɗari takwas, da bakan-gizonsu ja da fari, wani bisa wani. Zai gaya maka inda aka huda tsakiyarsa aka dasa coci bayan birnin ya bar hannun Musulmi. Zai kai ka kufan Madinatuz Zahra a bayan gari, kai kana neman hanyar gudu.

Bai taɓa taka ƙasar ba. Da farko takardu ne, sai karatun Haula, sai jinyar Lami ta shekara shida, wadda ta ƙare a maƙabarta. Marigayiyar kan ce da mijinta ya san hanyar kicin kamar yadda ya san lungunan Ƙurɗuba, da ta huta. Duk da haka likitocinmu da injiniyoyinmu, in za su je hutu can, wurinsa suke zuwa. Ya zana musu taswira a bayan tikitin mota, su je su dawo su ce ko lungu ɗaya bai kuskure ba. In ya tambaye su yadda hasken safiya ke shiga tsakanin ginshiƙan, sai su ce wallahi ba su lura ba, yara na kukan yunwa.

Wata rana ya sauke ƙarfen a kan motar da ke gefensa, bai gan ta ba. Likitan ido ya duba ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ci. Abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta bakin kwalba, shi ma da wuya ya wuce shekara. Aiki ya ƙare ke nan, tafiya kuma sai da mai riƙe masa hannu.

Haula nas ce, hutunta mako uku ne a shekara, ba ƙari. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, da Turancin kuwa ta ce masa ya shirya, watan Mayu za ta kai shi ya gani da idonsa. Tsoho ya je Wheaton ya sayo takalmin tafiya. A cikin ɗaki yake sa shi yana zagaye, wai kada ya cije shi a can.

Da ya yi shiru da bakinsa da an wuce wurin. Sai ya faɗi zancen tafiyar a gidan suna a Upper Marlboro, ana tsakiyar cin tuwo, a gaban Alhaji Muntaka, wanda ya je Makka sau huɗu kuma bai bar kowa ya manta ba. Alhaji ya ajiye cokali ya tambaya a hankali ko Malam ya sauke farali. Malam ya ce tukuna.

"To, Malam, ɗan ganin da ya rage maka, coci za ka je ka kalla da shi kafin ka ga Ɗakin Allah?"

"Masallaci ne, Alhaji."

"Ana salla a ciki?"

Ba a yi, kuma Malam Ilu ya fi kowa sani. Wani ya ce gaskiya dai abin da kunya, wani ya ce shekaru sun ja, ba a san gobe ba. Waɗanda ke da taswirarsa a aljihun mota suka sunkuya suna tsintar nama a miya.

Yana da amsa. A mota ya faɗa wa Haula: makaho na aikin hajji da ɗan jagora, ladansa cikakke, amma gini sai da ido. Haula ta ce to ai shi ke nan, bana Sifaniya, baɗi Makka. Ya ce ta bari. Mutanen nan su suka ɗauki gawar uwarta, su za su ɗauki tasa, ba zai shiga sahu ranar Juma'a ana zunguri da gwiwar hannu ba.

Hutun ya tafi a hajji. Ya ga Ka'aba cikin 'yar da'irar ganin da ta rage masa, ya yi kuka har Haula ta tsorata, kuma ba wanda ya taɓa jin ya yi da-na-sanin wannan. Da ya dawo aka cika ɗakinsa ana cin dabino ana kiransa Alhaji. Alhaji Muntaka ya sha zamzam kofi biyu, ya ce ai ga shi shawara ta yi amfani.

Kafin ƙanƙarar Janairu ta narke, bakin kwalbar ya rufe.

Da hutun Haula ya sake zagayowa ta zo masa da tikiti biyu na Sifaniya, ta sa masa a hannu. Ta durƙusa ta haɗa 'yar Hausarta mai ɗingishi, ta ce za ta riƙe shi, duk abin da ta gani za ta gaya masa, ɗaya bayan ɗaya.

Ya shafa takardun ya miƙa mata.

"Me za ki gaya mini, Haula? Ja da fari? Ni na gaya miki. In kuwa ƙamshin lemo ne, akwai shi a kanti nan ƙasa."

Ta ce ko iskar garin ya sha. Ya ce ta mai da tikitin, ta yi barcinta mako uku, ya ji a muryarta ta gaji. Daga nan ya ce ta juya masa kujera wajen hita, bayansa ya yi sanyi.